Katangar tare ƙasa mai ciyawa za ta iya riƙe gangaren bayan gidana?

Mai fili a gangare:
Assalamu alaikum. Filina a jikin tudu yake. Da za mu fara gini sai muka yanke ƙasa don a samu shimfiɗa, aka bar mana gaɓa mai tsayin mita 3 a baya. Na sa aka ja katangar bulo, damina ɗaya ta yi ciki. Na je da safe bayan ruwan dare na tarar tsagar har yatsuna uku na shiga, jan ruwa yana tsatsowa tsakanin bulo. Kafin sati ta kwanta, Allah ya taimaka ba kowa a wurin. Yanzu na ga wata irin da ake jera buhunan ƙasa hawa-hawa, a shuka ciyawa a jiki har ta rufe. Raina ya kwanta da ita, amma ɗakin yarana ne zai kalli wurin. Saiwar ciyawa za ta riƙe abin da siminti ya kasa?

Tsohon magini:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka bar wa katangar farko ƙofofin ruwa? Na san ba ka bari ba. Ruwa ne ya tura ta. Duk wadda za ka yi yanzu, zuba tsakuwa a bayanta daga ƙasa har sama, ka kwantar da bututu mai huji-huji a gindi, sannan ka haƙa kwata a saman tudun ta kauce da ruwan tun bai iso ba.

Injiniya:
Baba ya faɗi gaskiya. Malam, ciyawar nan fata ce kawai: tana hana zaizaya, tana tsotse danshi, tana kare buhunan daga rana. Ƙashin yana ciki. Ana shimfiɗa ragar roba mai ƙarfi, wadda ake kira jiyogirid, tsakanin hawa da hawa, ta shige cikin ƙasar baya. Tsawonta yakan kai kashi 70 cikin 100 na tsayin katangar, wato naka ya haura mita 2. Ka auna, akwai wannan sararin a bayan? Ƙasar cikon kuma a daɓe ta kaɗan-kaɗan, kamar santimita 15 zuwa 20 a kowane zubi, kuma kada a cika da yumɓu, don yana kumbura in ya sha ruwa.

Abin da mutane ba sa lura da shi: in tsayi ya ninka biyu, turin ƙasa ninkawa huɗu yake yi. Shi ya sa a wurare da yawa katangar da ta wuce mita 1.2 sai da zanen injiniya. Ni da nawa ne, gida biyu zan raba ta, ta ƙasa da ta sama, da tazara a tsakani, fuskar ta jingina baya, miƙewarta kada ta wuce digiri 70 daga shimfiɗar ƙasa. Fandishon gidanka ya tsaya da ƙafarsa, nesa da cikon. Buhun siminti ko na taki kuwa kada ka soma, rana ke cinye su.

Mai lambu:
Yaya, ni ciyawar jema na dasa a tawa. Saiwarta ƙasa take nufa kai tsaye, mita 2 zuwa 3, ba ta bazuwa gefe balle ta ture buhu. Na jera ta da tazarar santimita 15, na cike tsakani da kiri-kiri. Wahalar tana watannin farko, lokacin ba ta riƙe komai ba tukuna. Kullum da yamma ina bin layi da bokiti, hawan sama ne ke fara bushewa, can na yi asarar kusan rabi na sake dasawa. Awaki ma sai da na yi musu shinge. Babbar bishiya kada ka sa a baki, in iska ta kaɗa ta da katangar take jijjigawa.

Mai fili a gangare:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, ko huji ɗaya ban bari ba. Na auna bayan ɗazu, mita 4 ne zuwa iyakar maƙwabcina. Injiniya, wannan zai isa a raba ta biyun?