Wace safar hannu ce ke tare sanyi da ruwa ga mai hawa mashin?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. A Tudun Wadan Zariya nake da zama amma a Giwa nake koyarwa, kullum ƙarfe 6 da rabi ina kan mashin, to tunda sanyin nan ya shigo wallahi kafin in wuce Shika yatsuna sun ƙage, jiya da na isa makaranta sai da na zura hannu a hammata kusan minti goma kafin in iya riƙe biro in sa hannu a rajista, ɗalibai suna ta kallona. Na sayi irin ta ulu ɗin nan da yara ke yawo da ita a Kwangila, kamar ban sa komai ba, iska ratsa ta take yi kawai. So nake in sayi guda ɗaya mai kyau wadda za ta yi min hunturu ta kuma yi min damina, don albashin ba zai ɗauki saye biyu ba. Wacce zan nema, kuma a ina?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam malam. Ni shekarata 11 ina acaɓa tsakanin Samaru da PZ, kuma gaskiya guda ɗayan nan da kake nema ita za ta ci maka kuɗi. Mu nan sanyi da ruwa ba tare suke zuwa ba ai, Disamba da Janairu ko ɗigo babu sai hazo da ƙura, a Agusta kuma da ake tafka ruwa ba a wani sanyin kirki. In ka sayi mai kauri ta hunturu ka shiga damina da ita gumi ne zai jiƙa ka daga ciki, ga wari kamar an jiƙa kirgi.

Ta ulu kuma ba laifinta ba ne, ba aikinta ka ba ta ba. Abin da ke kashe hannu a kan mashin iska ce, ulu kuwa duk ƙofofi ne. Ka shiga kasuwar Sabon Gari wajen 'yan gwanjo ka nemi ta fata mai laushi wadda wuyanta ya wuce tsintsiyar hannu, sai ka sa ta ulun daga ciki, fatar ta tare iska ulun ya riƙe ɗumi, shikenan. Amma ka je da mashin ɗinka ka gwada, ka kama kuloci ka ja birki ka murɗa totur. Na taɓa sayen wata ƙatuwa irin ta masu wasa a ƙanƙara, ɗumi kam ba magana, amma ranar farko wata akuya ta gifta min wajen Kofar Doka na kai hannu birki yatsan safar ya maƙale a bayan liba, Allah ne kawai ya kiyaye da ni da fasinjan. Tun ranar take rataye a ƙusa.

Injiniya ABU:
Baban Khalifa ya gama magana, ƙari kawai zan yi. Akwai masu yin duka biyun fa, sai dai tsada. Ka duba wadda aka rubuta Gore-Tex a jikinta, wani siririn shafi ne a tsakiya mai ƙananan huji da ɗigon ruwa ba ya iya wucewa amma tururin gumi yana fita. Thinsulate kuma na kamfanin 3M ne, shi ɗumi yake riƙewa ba tare da ya yi kauri sosai ba, amma shi kaɗai ba ya hana ruwa, mutane suna yawan haɗa su biyun su ɗauka abu ɗaya ne. Matsalar ita ce jabu ta cika kasuwa, kowa ɗinka lamba yake yi. In mai shago ya yarda ka sa hannu a ciki ka tsoma a bokitin ruwa ka yi ta dunƙulewa kana buɗewa na ɗan lokaci, ta wajen ɗinkin yatsu take fara yoyo. In bai yarda ba ka san sauran.

Sannan kar ka sayi wadda ta matse ka, matsi yana rage gudun jini sai ka ji sanyin ya ma fi da.

Baban Khalifa:
Injiniya wane ɗan gwanjo ne zai bari ka tsoma masa kaya a bokiti hhhh, sai dai in ka biya tukuna. Ni da damina ta roba nake ɗorawa a kan siririyar safa, irin doguwar nan ta wanke-wanke, baƙa nake saye don kar yaran tasha su sa ni a gaba. Wuyanta kuma ka cusa shi ƙarƙashin hannun rigar ruwa, in ka ɗora shi a sama duk ruwan da ya gangaro daga kafaɗa cikin safar zai tare.

Maman Ummi:
Maigidana ma hanyar Basawa yake bi kullum da asuba. Ku dai ku riƙa shafa basilin ko man kaɗanya kafin ku sa, bara duk gaɓoɓin yatsunsa tsagewa suka yi har da jini, ga alwala da ruwan sanyi. Kuma in ta fata ta jiƙe kar a kanga ta a murhu, ni na yi masa haka da kyakkyawar niyya ta bushe ƙamas kamar kilishi, kwana biyu ana min ciwon baki. A cusa mata tsohuwar jarida a ajiye a inuwa.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranar Asabar in sha Allah zan shiga Sabon Garin da mashin ɗin. Baban Khalifa waccan ta jikin ƙusar fa, in ba ka amfani da ita akwai maigadin makarantarmu, dattijo ne kuma shi ba birkin da zai ja.

Baban Khalifa:
Ka same ni Kwangila ƙarƙashin gada bayan la'asar, zan taho da ita. Ta hagun ɓera ya ɗan taɓa babban yatsa amma za ta yi.