Katana-50 ko Mustang LT25: wanne zai ɗauki kiɗan biki a fili?

Assalamu alaikum. Jitar lantarki nake kaɗawa a bukukuwan aure a Agadas, yawanci a fili da daddare, da wutar janareta. Ƙaramar amfilifayar (na'urar ƙara sautin jita) da nake da ita mai wat 15 ta gaza. A ɗaki sautinta garau, amma da mai ganga ya fara duka, ni kaina ba na jin abin da nake kaɗawa. In na ƙure ƙarar sai ta koma kwarkwar kamar tsohuwar rediyo, ga wani huuu da ba ya yankewa muddin janareta na aiki.

Na canja wayar jita sau biyu, na rage gain (ƙarfin sautin jitar da ke shiga amfilifaya), na ɗora ta a kan kujera, har makirfo na kafa a gaban lasifikarta. Makirfon ihu kawai ya ƙara mini.

Yanzu kuɗina ya kai in sayi sabuwa mai kwaikwayon sautin amfilifaya iri-iri. Biyu na samu. Boss Katana-50 wat 50 ce, lasifika inci 12, kuma ana iya sauke ta zuwa rabin wat don atisaye a gida. Fender Mustang LT25 wat 25 ce, inci 8, ta fi sauƙin kuɗi da sauƙin ɗauka a babur, wanda ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Tarin sautukan salon kiɗan metal mai ƙugi da ke cikinsu ba su dame ni ba. Tsaftataccen sauti nake so mai ɗan kaifi da amsa-kuwwa kaɗan.

Wanda ya taɓa kaɗa LT25 a fili tare da ganga: ana jin ta ba tare da ta dagule ba, ko in daure in sayi Katana?