Taƙaitawa: hawan ƙananan tsaunukan kwazazzabon Waimea, tsibirin Kauai a Hawai

Ga abin da na tsinto daga wata doguwar tattaunawa da masu hawan tsauni suka yi kan yadda za a shirya wa hawan wurin:

1. Kowa ya yarda a yi sammako. Kafin rana ta take, gajimare kan rufe kwazazzabon, ka sha wahalar hawa ka ga fari fat.

2. Jar ƙasar wurin ce babbar matsala. Da ruwa ya taɓa ta sai ta koma kamar sabulu, a bushe kuma tana marmashewa a bakin gaɓa, ga zurfi ya kai mita 900. Takalmi mai haƙora, kuma tsoho, don jan ba ya fita da wanki. Daga Nuwamba zuwa Maris ruwa ya fi yawa.

3. Ruwan sha lita 2 zuwa 3. Kada a sha na rafi ba a tafasa ba.

4. Sauke taswira a waya tun daga gari, sabis yana ɗaukewa. Sawun awaki da na mafarauta kan yi kama da hanya.

Inda aka rabu: sandar hawa. Wasu sun ce tana ceton gwiwa a gangaren Kukui (hanyar ƙafa da ke sauka cikin kwazazzabon), wasu sun ce cikas ce inda ake kama saiwoyi da hannu, kamar hawan Pihea (wata hanyar ƙafa da ke kusa da wurin).