Masu jan faiba sun iso gefen garinmu, mu shiga ko mu dakata?

Ɗan Ringim:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Ina da ɗan shago a bakin kasuwa, ina yi ma mutane rijistar JAMB da WAEC da buga takardu da POS, to yanzu wani ƙaramin kamfani na Kano ya fara jan wayar intanet ta faiba ta bakin titi, sun zo sun ce duk mai so za su shigar masa har cikin shago, kuɗi ɗaya kacal ake biya duk wata kuma wai babu ƙarewar data. Ni dai data ta cinye ni wlh, tun da hukumar sadarwa ta ƙasa NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a farkon 2025 abin ya ƙara nauyi, ga shi ranar kasuwa sabis ɗin waya ba ya motsi sam, mutum na tsaye a gabanka da kuɗinsa shafin JAMB yana ta juyawa. Amma kuɗin shigarwa da na rawuta (na'urar da ke raba wifi) ba kaɗan ba ne, ina tsoron in zuba su bayan wata biyu su tattara su tafi. Wa ya taɓa gwadawa a ƙauye?

Injiniya Kazaure:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni aikina ke nan, na ja irin wannan waya a wurare da dama, to bari in faɗa maka yadda take. Faiba zare ne na gilashi siriri kamar gashi, haske ne ke gudu a ciki, shi ya sa hadari ko ruwan sama ba ya dame ta, kuma cunkoson ranar kasuwa da ke kashe maka sabis bai shafe ta ba tunda ba ta bi ta dogon ƙarfen da kowa ke rububi a kai ba. Amma ka gane abu ɗaya, irin wadda ake kaiwa gidaje layi ɗaya ne ake rabawa, yawanci mutum 32 ko 64 kan tushe guda, to arhar daga nan take fitowa, kuma daga nan matsala take fitowa in kamfanin ya yi haɗama ya tara mutane da yawa alhali abin da ya saya daga manyan dillalai kaɗan ne. Da safe za ka ga tana tashi, bayan isha'i kowa ya hau YouTube sai ta kwanta. Don haka kar ka gwada da hantsi a ofishinsu, je gidan wanda aka riga aka sa wa, da daddare, ka gani da idonka.

Kuma ka tambaye su lasisin NCC, ka ce a nuna maka takarda, ba baki ba. Sannan maganar babu ƙarewar data, ka sa su rubuta maka ko akwai adadin da in ka kai za su rage maka gudu, da yawa suna yin haka ba sa faɗa sai ka shiga.

Maman Khairat:
Ni malamar makaranta ce a wajen Gumel, mu an sa mana a gida ni da maƙwabta uku muka haɗa kuɗi, rawuta na ɗakina su kuma suna kamawa ta katanga. Gaskiya ta canza mana abubuwa, yarinyata na karatu a jami'ar karatu daga gida ta NOUN, yanzu ba sai ta hau mota zuwa gari don ta sauke darasi ba. Abin da ba su gaya mana ba shi ne wuta. In an ɗauke wuta rawutar ta mutu, faibar tana nan amma ba amfani, sai da muka sayi ƙaramin batir da faranti ɗaya na sola, Allah ya taimaka ba ta cin wuta sosai. Ka sa wannan cikin lissafinka tun yanzu.

Abu Hadeja:
Ni kam ina ganin ka dakata tukuna. Ba wai faiba ba ta da kyau ba, a'a, yankewa ce matsalar. Masu gyaran titi su zo da katafila su tone ta, masu haƙa kwata su sare ta, wani ma ya ɗauka akwai jan ƙarfe a ciki ya yanka ya tafi da ita alhali gilashi ne ba ya saiduwa, mu an taɓa yanke tamu aka daɗe ba a zo ba domin masu na'urar haɗa zaren a birni suke, sai sun tara gyara da yawa kafin su ƙona mai su taho. Gwamnatin tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa a 2024, lalata su laifi ne babba, amma direban katafila a bakin aiki wa ya gaya masa? Kai da sana'arka ta dogara da sabis, yini ɗaya a lokacin rijistar JAMB asara ce mai ciwo.

Injiniya Kazaure:
Malam Abu maganarka gaskiya ce, amma maganinta ba ƙin shiga ba ne, ya riƙe layinsa na waya a gefe kawai saboda ranar da aka yanke. Kuma ku duba dalilin da ya sa sai yanzu abin ke isowa gare mu. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku masu kawo intanet duk a kudu suke sauka, MainOne tun 2010, Equiano ta Google a 2022 a Legas, kawo su arewa shi ne tsadar, ga kuɗin izinin tona hanya da jihohi ke karɓa, an yi yarjejeniya a kan naira 145 duk mita amma ba kowace jiha ta bi ba, Kaduna kuwa ta yafe shi gaba ɗaya a 2020. Tsarin ƙasa na 2020 zuwa 2025 da aka yi lokacin Pantami ya yi alkawarin intanet mai gudun 10Mbps a karkara, yanzu kuma minista Bosun Tijani na maganar jan faiba kilomita 90,000. Mu 'yan Jigawa mun san wannan buri tun zamanin Saminu Turaki da aka buɗe makarantar koyon kwamfuta ta Informatics a Kazaure, abin ya daɗe a zuciyarmu. Manyan kamfanoni ba za su shigo lungunmu don mutum goma ba, waɗannan ƙananan su ne ke yi, in ba su samu kwastoma ba kuwa ba za su ƙara gaba zuwa ƙauyen da ke bayanku ba.

Ɗan Ringim:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na yi magana da mai kemis da ke kusa da ni da mai cajin waya, sun yarda mu haɗa mu uku, gobe da daddare zan je gidan wani da aka sa wa in gwada kamar yadda Injiniya ya ce. Maman Khairat dan Allah batir ɗin naku wane iri ne, kuma yana kai ku har asuba?