Tantance waɗanda suka yi karatu a waje: wulaƙanci ne ko kariya?

Malam Habibu: A Alƙahira ko Khartum babu mai tambayar ɗalibi ko Bakano ne ko Bayarabe. Koren fasfo ake gani, a ce ɗan Najeriya. Yara da yawa a can suke fara jin ƙasar nan tasu ce. Su dawo da wannan kishin, sai a tare su da tantancewa kamar baƙi. Wannan ne ke sanyaya musu gwiwa, ba zaman waje ba.

Dokta Rabi: Malam, ba ɗan ƙasancinsu ake tuhuma ba, horon da suka samu ake dubawa. Wanda ya karanta likitanci a waje sai ya ci jarrabawar MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisin aiki a Najeriya, a ba shi lasisin wucin gadi, ya yi shekara ɗaya yana sanin makamar aiki a asibiti, sannan bautar ƙasa. Akwai dalili. Mutum na iya gama digiri a Rasha bai taɓa duba yaron da zazzaɓin cizon sauro ya sumar ba, ko mai sikila, ko mai ciki da jijjiga ta kama. Su kuwa zai tarar ranar farko a ɗakin gaggawa.

Barista Nura: Haka yake a fannin shari'a. Mai digirin Ingila sai ya fara yin zango na ɗaya a makarantar horar da lauyoyi, domin can ba a koya masa dokar mallakar filaye ta 1978 ba.

Malam Habibu: Jarrabawa ban ƙi ta ba, Dokta. Jan ƙafa nake kuka da shi. Yaro ya yi watanni a gida takarda ba ta fito ba, ga tayin aiki daga Saudiyya, me kike zaton zai zaɓa?

Hajiya Saude: Jan ƙafar na nan, amma sau da yawa tun daga can matsalar ke tasowa. Kafin a hau jirgin dawowa a karɓi ainihin shaidar digiri da takardar sakamakon kowace shekara. In da Larabci ko Faransanci suke, a fassara su zuwa Turanci a inda hukuma ta amince. Suna ya zo iri ɗaya a fasfo da WAEC da NIN; Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya maƙale fayil. Kada a yar da tsohon fasfo, domin hukumar bautar ƙasa, NYSC, na duba biza da tambarin shige da fice don tabbatar da mutum ya zauna a ƙasar. Takardar sakamako kuwa a riƙa karɓa duk shekara. Waɗanda yaƙin Sudan ya koro a Afrilun 2023 sun ga wahalar neman takarda daga makarantar da aka rufe.

Barista Nura: Kuma a tuna Janairun 2024, da gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya samo digirin Kwatano cikin makonni shida. Masu karatun gaskiya ma abin ya shafe su. Iyaye su tabbatar Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta amince da jami'a kafin su biya kobo.

Malam Habibu: To, hukumomin su bayyana wa'adi a fili, Barista: daga miƙa takardu zuwa amsa, kwana nawa?