Shawarwari kan shuka irin furen iris na fadama a Kumasi

Masu lambun furanni a Kumasi sun tattauna kan iris mai shuɗin fure, ɗan asalin fadamun Arewacin Amurka. Abin da aka fi nanatawa shi ne ƙwayar ba ta tsira sai ta sha sanyi. A jiƙa ta, a cusa cikin damshin yashi a leda, a ajiye a firji wata 2 zuwa 3, ba wajen ƙanƙara ba. In an ɗauke wuta, a daina yawan buɗe firjin. Daga nan a binne ta sama-sama a tukunyar shuka, a ɗora tukunyar cikin faranti mai ruwa. Fure kuwa sai shekara ta 2 ko ta 3. Wasu dai sun ce zafin Kumasi zai galabaitar da shi, gara a shuka iris ɗin Luwiziyana, wata jiha mai zafi a ƙasar Amurka.