Yaya ake kwatanta tsadar gidaje tsakanin unguwanni?

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon masana harkar gidaje da lissafi.

So nake in kwatanta tsadar gidaje a unguwannin wani babban birni. Na tattara farashin da dillalai ke tallatawa na zuba a manhajar lissafi ta Excel, amma abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Idan na haɗa kuɗin gidajen unguwa na raba da yawansu, katafaren gida ɗaya sai ya ja lissafin sama, unguwar talakawa ta koma kamar ta attajirai. Da na ɗauki farashin da ya faɗo tsakiyar jeri, abin ya ɗan daidaita, sai dai wata unguwar gidajenta kaɗan ne a kasuwa.

Na kuma gwada raba farashi da murabba'in mita. To, na gini zan ɗauka ko na fili? Tsohon gida mai faffaɗan fili ai ƙasar ake saye, ba ginin ba. Ga shi farashin da ake tallatawa daban, wanda aka sallama gidan a kai daban.

Wane ma'auni kuke amfani da shi? Kuma gidaje nawa zan samu a unguwa kafin in amince da sakamakon?